Talabijin a Bangon da Ba Nasa Ba

Mahaifina, wanda muke kira Abak, ya shekara talatin da 'yan kai a gidanmu bai taɓa buga ƙusa a bango ba. Ba wai bai iya riƙe guduma ba ne. Shi ya gyara wa maƙwabta akurkin kaji, shi ya yi wa masallacin unguwa benci. Amma a gidan da aka haife mu, in zai rataye hularsa sai ya nemi ƙusar da wani ya riga ya buga. In bai samu ba, ya ɗora hular a gwiwarsa.

Sunansa Bustami, sai dai ban taɓa jin wani a ƙauyenmu ya kira shi da shi ba. Ranar aurensa danginsa suka ba shi laƙabin Sutan Marajo, kamar yadda ake yi wa kowane ango, kuma da shi surukai suke kiransa har yau. A wajenmu, cikin tsaunukan da ke bayan Payakumbuh, gida da gona na mata ne, daga uwa sai 'yarta. Namiji ne ke tarewa a gidan matarsa. Ana girmama shi, ana shimfiɗa masa tabarma mai kyau, ana zuba masa shinkafa kafin kowa, amma dai baƙo ne. Wasu mazan sukan manta da haka in an daɗe, su fara rushe nan suna gina can. Abak bai taɓa mantawa ba.

Tun yana yaro ya daina kwana a gidan uwarsa, don ɗakuna na 'yan mata ne. Ya koma kwana a ƙaramin masallacin danginsu tare da sauran samari, kamar yadda ake yi a zamaninsu. A can wani tsoho ya koya masa aski. Wata rana ina cire masa furfura ya ce da ni, ba da baƙin ciki ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama, shi dai tun da aka haife shi bai taɓa rufe wata ƙofa ya ce wannan tasa ce ba.

Aski ne sana'arsa har yau, ko da yake hannu ya fara nauyi. Kowane ƙauye da ranar kasuwarsa, shi kuma yana bin su a kan tsohon babur, da kujera mai naɗewa ɗaure a baya. Duk abin da ya mallaka yana cikin wata baƙar jaka: almakashi biyu, aska, mataji, farin ƙyalle, da madubi mai igiya. Ya iso kasuwa ya nemi reshe ko ƙarfen rumfa ya rataye madubin, la'asar ta yi ya kwance abinsa. A kasuwa, in ji masu zuwa wurinsa, bakinsa ba ya rufuwa, yana tsokanar masu sanƙo yana cewa rabin kuɗi za su biya amma sai sun ƙara masa na nema. A gida kuwa kana iya ƙirga kalmominsa.

Surutun gida na Amak ne, mahaifiyata Yusniar. Ita ta sayi tsohuwar talabijin ɗinmu, mai ƙaton baya, ta ɗora ta a kan kabad ta shimfiɗa mata ƙyallen saƙa. Bayan la'asar sai ta zauna a kujerarta tana tsinke ganyen rogo, tana faɗa da mutanen cikin wasan kwaikwayo.

“Ke wawiya, ba ki ga ƙarya yake miki ba? Sutan, dubi idonsa, wannan ai ɓarawo ne!”

Abak yana zaune a tabarma, ya jingina da ginshiƙin katakon da ke tsakiyar bangon falo, sai ya ce, “Hmm.”

Wannan “hmm” ɗin ita ce hirarsu. Man gashinsa ya bar baƙin tabo a jikin ginshiƙin, daidai inda ƙeyarsa ke taɓawa. In da za a tambaye ni alamar da ya bari a gidan a duk shekarun nan, tabon nan kaɗai zan iya nunawa.

Amak ta rasu da damina, bayan jinya ta 'yan kwanaki. Na zauna har aka yi addu'ar arba'in, sannan na koma Pekanbaru inda nake aiki a shagon yadi. Ban daɗe da komawa ba tsawa ta faɗo kusa da gidan ta ƙone talabijin ɗin. Ba shi ya gaya mini ba, kunnena ne ya gaya mini. Da, in na kira shi da yamma, nakan ji muryoyi a bayansa. Sai na fara jin kwaɗin gonar shinkafa kawai, da agogon bango.

“Abak, ka ci abinci?”

“Na ci.”

“Me ka ci?”

“Irin na jiya.”

“Yanzu me kake yi?”

“Ina zaune.”

“Ba ka kunna labarai ba?”

Sai ya ce, “Ta bi uwarki.”

Na kira yayana, Uda Zulhelmi, da ke aiki a gidan abinci a Batam. Uda muke ce wa duk namijin da ya girme mu. Shi kullum maganarsa ta fi aljihunsa girma.

“Ki saya masa babba, Refnita! Wadda za ta cika bango, in mai labarai ya yi atishawa Abak ya goge fuska.”

“Da wane kuɗi, Uda? Da na atishawar?”

“Zan turo abin da ya samu. Ke dai ki hanzarta. Kin san Goggo Rosmani ta fara maganar zuwa ɗaukarsa in an yi addu'ar kwana ɗari?”

Na sani, ina dai kawar da kaina ne. In mace ta rasu, igiyar da ta ɗaure mijinta da gidan ta tsinke. Danginsa za su zo da tire na ganyen sirih, wanda ake taunawa kafin a buɗe duk wata magana mai nauyi, su nemi a ba su ɗan'uwansu. In ba su zo ba, gari zai ce sun yar da shi. Goggo Rosmani ƙanwar Abak ce, tana hayin kogi. Na san gidanta sarai: 'ya'yanta mata uku, kowacce da mijinta da ɗakinta, ga jikoki. Babu ɗaki ko ɗaya da ya rage. Abak zai koma kwana a falo bayan labule, ko a masallacin da ya kwana yana yaro, yana da shekara sittin da bakwai.

Shi ya sa lokacin da na shiga motar Payakumbuh da kuɗin da muka haɗa ɗaure a cikin ɗankwali, ba abin kallo kawai na tafi nema ba. Ina neman abin da zai riƙe shi a gidan.

Shago uku na shiga ina fita, don ko farashi ban iya tambaya ba, ganin girman abin da suka jera a ƙofa. Na huɗun ƙarami ne, a lungun masu sayar da tukwanen lantarki. Mai shagon wani kakkauran mutum ne, Uda Afdal, yana cin soyayyar ayaba yana kallon ƙwallo a talabijin shida lokaci guda.

“Uni,” ya ce, yadda ake kiran mace da girmamawa a wajenmu, “ta amarya ce ko ta gasa da maƙwabta?”

“Ta mahaifina ce.”

“Shekarunsa?”

Na faɗa.

“To ba mai kyau kike nema ba, mai ƙara kike nema. Kunne ko ido, wanne ya fara tafiya?”

“Kunne.”

Ya goge hannu a wando ya tashi. Na nuna wata babba mai inci arba'in da uku, don in cika wa Uda Zulhelmi burinsa ko da da yatsa ne. Mai shagon ya tambaye ni irin mitar da muke da ita. Na ce ƙaramar nan ce. Ya ce in tukunyar shinkafa tana aiki aka kunna injin ruwa, me ke faruwa? Na ce wuta ta ɗauke, sai an fita an ɗaga madanni.

“To ki ƙara masa wannan, kullum yana tsakar kallo yana fita ɗaga madanni. Motsa jiki kika zo saya masa?”

Ya nuna mini masu shiga intanet, shi da kansa ya ce in bar su. Ya ɗauko rimot ɗinsu ya miƙo mini, madannai kamar ƙwayar masara. Ya ce surukinsa ya taɓa danna wani wuri, suka kwana biyu suna kallon turanci ba wanda ya san hanyar fita. Abak kuwa har yau wayarsa mai madannai ce, kuma ni nake sa masa lambobi.

Daga ƙarshe ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, gefensa ɗaya ya ɗan lotsa. Inci talatin da biyu, samfurin bara, ba ta shiga intanet, tana kama tashoshi da kanta ba sai an haɗa mata wani akwati ba. Ya kunna ta ya ƙure ƙara har mai tukwane na gefe ya leƙo ya ce ko an fara yaƙi ne. Na sa ya juya tashoshi, na tsaya daga nesa daidai nisan tabarmar Abak da kabad, na ga ana iya karanta rubutun da ke gudu a ƙasan labarai. Na sa yatsa a rimot ɗin na rufe ido, na ga ana gane madannin ƙara da na tasha ba sai an duba ba. Muka yi ciniki, ya rantse da 'ya'yansa cewa faɗuwa yake yi, na rantse ba ni da kuɗin mota in na ƙara. Muka daidaita.

“Ƙafa ko bango?” ya ce.

“Me?”

“Ƙafafunta suna cikin kwali, a dasa ta a kan tebur. In kuma a bango za a kafa, sai da ƙarfen maƙalawa.”

Na ce, “Bango.”

“Bangon wa?”

“Na Amak. Allah ya yi mata rasuwa.”

Ya daina taunar ayabar. Ya dube ni, na ga ya gane komai ba sai na ƙara ba.

“Allah ya jiƙanta. Ashe tsohon nan ɗan'uwana ne, baƙon gidan mata. Uni, ni shekarata goma sha biyu a gidan matata, kalandar shagon nan ma sai da na nemi izini kafin na rataye ta.” Ya ɗauko ƙarfen da notinansa a leda ya tura cikin kwalin. “Wannan gyara ce, ban karɓi komai ba. Amma kada ki yar da ƙafafun.”

Ɗan acaba ya kai ni gida, ina rungume da kwalin kamar jariri. Na tarar da Abak a falo, ya jingina da ginshiƙinsa, yana fuskantar matacciyar talabijin ɗin Amak. Ƙyallen saƙar yana nan a kanta, ya wanke shi ma.

Bai ce na gode ba, mu ba ma yawan faɗar haka. Ya tashi ya wanke hannu, ya ɗauko askarsa ya yanka salatif ɗin kwalin a hankali, bai yaga ko kusurwa ba. Ya zare farin soson da aka tallafe ta da shi ya jera a gefe. Ya ɗaura mata ƙafafunta. Na ce a sauke tsohuwar daga kan kabad, ya ce a bar ta, nan Yusniar ta ajiye ta. Sai ya mayar da soson cikin kwalin, ya kwantar da kwalin a ƙasa, ya dasa sabuwar a kai.

“Abak, a bango za a kafa ta. Ga ƙarfen nan.”

Ya karɓi ƙarfen ya jujjuya shi, ya yaba kaurinsa, ya tura shi cikin kwalin ya rufe.

“Bangon yana da masu shi.”

“To a cire ledar fuskarta mana.”

“Bar ta. Kada ta karce a hanya.”

Ban tambaye shi wace hanya ba.

Washegari na tafi wurin Kawu Mardius, yayan Amak, wanda duk wata magana ta gidanmu sai ta bi ta bakinsa. Na same shi yana shanya ɓawon kirfa a ƙofar gidan matarsa. Na ce ina neman izini a huda bangon falo. Ya yi dariya har da tari.

“Ni kike tambaya? Ni mai gadi ne kawai, 'yar nan. Tun ranar da muka binne Yusniar gidan ya zama naki. Ki huda shi kamar rariya in kin ga dama.”

“To Kawu, ka gaya wa Abak.”

“Sutan ya fi ki sanin wannan. Ba maganar ƙusa yake yi ba.” Ya juya ɓawon da ƙafarsa. “In 'yar mutum tana cikin gida, tana hura wuta, ba wanda zai zo ya ɗauke shi. A inuwarta yake zaune. Ke za ki dawo?”

Na kalli ƙasa. A ƙauyenmu babu aikin da ya wuce dashen shinkafa, gonar Amak kuwa ba ta kai ta ciyar da mutum biyu shekara ba. Abin da nake turowa daga shagon yadi shi ke sayen maganin hawan jinin Abak. Na ce, “Ba yanzu ba, Kawu.”

“To,” in ji shi, ya ci gaba da aikinsa.

Kwanakin da suka rage kafin addu'ar kwana ɗarin, muna kallo tare bayan la'asar. Ni a ƙasa kusa da shi, don ban iya zama a kujerar Amak ba. Ƙarar ta ishe shi, ya koyi rimot ɗin a rana ɗaya, ya ɗinka masa ma rigar leda. Ran nan aka sa wasan kwaikwayon da Amak take bi. Wata mata mai jan baki ta fito tana murmushi.

“Wannan ba ita ce muguwar ba?” ya tambaye ni.

“Ita ce, Abak.”

“Har yanzu ba a kama ta ba?”

“Ba a kama ta ba.”

Ya juya kansa wajen kujerar, kamar mai jiran wani abu. Babu abin da ya zo. Can sai ya ce, “Hmm,” shi kaɗai, ya mayar da ido kan hoton da ke motsi a bayan leda.

Ranar addu'ar gida ya cika. An yanka akuya, an dafa nama da madarar kwakwa tun jiya, an ci an yi wa Amak addu'a. Ina madafa ina kankare tukunya Goggo Rosmani ta shigo, 'yar ƙaramar tsohuwa mai saurin baki, ta karɓe soson daga hannuna kamar gidanta.

“Na ga akwatin da kika saya masa. Yana da kyau. Jikokina za su yi murna, tamu sai an mare ta take magana.”

“Goggo, ta nan gidan ce. Don ya zauna na saya.”

“Ya zauna da wa? Akwatin zai dafa masa shinkafa? In ya zame a banɗaki, akwatin zai fita ya yi ihu?”

“Gidanki babu ɗaki, Goggo.”

“Babu ɗaki, amma akwai mutane. Akwai mai taka shi da gudu, akwai mai sace masa soyayyen kifi a kwano. Kin ga yadda wuyansa ya koma? Wata uku yana cin shinkafa da gishiri, ke kina waya kina ce masa ya ci abinci.” Ta ajiye tukunyar. Muryarta ta sauka. “Yayana ne, Refnita. Kafin ya zama ubanki yayana ne.”

Ba ƙarya ta yi ba.

Da baƙi suka ragu, aka zauna a falo. Mutanen Goggo suka ajiye tiren sirih a gaban Kawu. Wani dattijonsu ya yi doguwar magana mai zagaye, irin wadda ake yi a irin wannan zama, ya gode wa gidanmu da riƙon ɗan'uwansu shekara da shekaru, ya ce yanzu sun zo su koma da shi. Kawu ya amsa da tasa doguwar maganar, daga ƙarshe ya ce gida yana da mai shi, ya juyo ya dube ni.

Ban taɓa magana a gaban dattawa ba. Na ce, “Gidan nan gidan Abak ne muddin ina raye.”

Daga bayan maza Goggo ta ce, “Muddin kina raye, ko muddin kina ciki?”

Abak yana jingine da ginshiƙinsa, hularsa a gwiwa. Shi da ake magana a kansa tun azahar ba wanda ya tambaye shi komai, sai ya gyara murya.

“Zan bi ku,” ya ce. “Ba ku yi laifi ba da kuka zo. Yarinya tana da aikinta, kada a ɗora mata ni. Ku ba ni zuwa gobe da hantsi.”

Da safe, bayan ya dawo daga masallaci ya sha shayinsa, ya kira ni falo. Ya riga ya fito da ƙarfen daga kwali, ya jera notinan a kan farin ƙyallen askinsa, ga sukundireba ya aro.

“Mai gida,” ya ce, bai taɓa kirana haka ba, “a ba ni izini in huda miki bango?”

Na ɗaga kai kawai.

“Ba da kai ake ba da izini ba.”

“Na ba ka, Abak.”

Ya je ya zauna a tabarmarsa, ya sa ƙeyarsa daidai kan tabon, ya rufe ido ɗaya yana auna bangon da ke fuskantarsa, kamar yadda yake auna tsayin madubi ga wanda zai yi wa aski. Ya sa ni na riƙe ƙarfen, yana cewa ɗaga kaɗan, sauke, matsa wajen taga. Wurin da ya zaɓa yana gefen kabad, dab da tsohuwar talabijin ɗin, ta yadda mai zama a kujerar Amak ma zai gani ba sai ya karkata ba.

Katakon gidan tun na kakar kakata ne, ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Na ce in kira maƙwabci mai injin huda, ya ce a'a. Da hannu ya murɗa su, noti bayan noti, yana tsayawa yana yarfa yatsu, gumi yana bin bayan kunnensa. Garin katako yana zuba a kan ƙafarsa. Muka ɗaga ta tare muka maƙala, ya girgiza ta ya ga ba ta motsi. Sannan ya sa farce a kusurwa ya ɓare ledar fuskarta gaba ɗaya. Ya kwashi kwalin ya fita da shi, ya taka shi ya baje, ya shimfiɗa wa kajin Amak a akurki.

Goggo ta iso da hantsi, da surukinta a kan babur. Tana shiga falo ta tsaya.

“Au! Ka kafe ta? To yaya za mu tafi da ita?”

“Ba ta tafiya. Ta gidan 'yata ce.”

“Kai da ko allura ba ka taɓa soka wa bangon nan ba, sai yau da za ka bar shi?”

Ya naɗe zannuwansa uku da rigunansa cikin buhu ɗaya. Ya buɗe baƙar jakar, ya gyara wa almakashi zama, ya ɗauki rimot ɗin daga kan tabarma ya sa shi tsakanin aska da mataji, ya ja zif. Sannan ya juyo wajena, yana kallon ƙasa.

“Gida in ba a buɗe shi, gara takan ci shi. Ko da wanda kika sa ya riƙa share miki?”

Na ciro makullin daga wuyana na sa masa a hannu. Goggo ta dubi makullin, ta dubi jakar, ta dubi bangon. Ta ja tsaki, amma idonta ya kawo ruwa.

“Tsohon wayo,” ta ce. “Mu tafi, shinkafa tana hucewa.”

Yanzu a hayin kogi yake kwana, a falon Goggo bayan labule mai furanni. Wuyansa ya ɗan ciko, an ce jikokin ba sa barinsa ya yi barcin rana. Yana zuwa kasuwanni biyu kawai a mako. Amma kullum, in an sallame la'asar, sai ya hau baburinsa ya tsallake gada. Maƙwabciyarmu ta ce ba sai ta leƙa ba, da ta ji ƙara ta cika unguwa ta san Sutan ya iso. Yakan buɗe tagogi, ya share falo, ya watsa wa kaji tsaba, ya karkaɗe ƙyallen saƙar da ke kan tsohuwar talabijin. Sannan ya zauna a tabarma ya zuge jakarsa. Ba ya dafa komai a gidan, ba ya shiga ɗakin Amak. Kafin a kira magariba ya kashe, ya rufe tagogi, ya kulle ƙofa ya tafi, kamar yadda baƙo mai kunya yake yi.

A wannan lokacin nake kiransa, in mai shagonmu ta fita salla. Bai taɓa tambayata yaushe zan dawo ba, ni ma ban taɓa ce masa ga rana ba. Jiya na kira, muryoyi suna ta tashi a bayansa.

“Abak, kai kaɗai ne?”

“A'a, ga mai labarai nan.”

“An kama muguwar?”

“Ina fa. Aure ma za ta yi.”

“Rage ƙarar kaɗan, ba na jinka sosai.”

Na ji ya laluba, ƙarar ta sauka. Sai kwaɗin gonar suka fito, da agogon bango. Muka saurare su, ni a tsakanin bandiran yadi, shi a can. Ban kai ga tambayarsa maganinsa ba na ji muryoyin sun sake tashi.

“Yi haƙuri, ɗaga muryarki ke,” ya ce. “In na rage, gidan yakan yi girma.”